Ajiye wufa kusa da filasma: Girgiza da zafi ne ke kashe talabijin, ba mayen ƙarfe ba

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, da wuya a yanzu a ce kayan ɗakin amarya sun cika babu talabijin mai shafaffen jiki, wadda kowa ke kira filasma, da saitin sifiku mai ƙaton akwatin nan da ke fitar da bas, wato wufa. Haka abin yake a gidajen kallon ƙwallo da shagunan aski da rumfunan masu tura fina-finai a waya.

Da an zo jera kayan kuma sai gardama ta tashi. Wani ya ce a nisanta wufar da talabijin, domin mayen ƙarfen da ke cikinta zai shanye kalar hoton. Wani ya ce ai tare aka sayo su, a ɗora su kan tebur ɗaya ɗakin ya fi kyau.

Dukkansu akwai gyara a maganarsu. Mayen ƙarfen wufa ba ya yi wa filasma komai. Amma ɗora su kan tebur ɗaya na iya jawo asarar da mai gyara ba zai iya mayarwa ba, kuma dalilin daban ne.

Inda tsoron ya samo asali

Masu gargaɗi a kan mayen ƙarfe ba ƙirƙirar maganar suka yi ba. Sun ga abin da idonsu, a zamanin talabijin mai doro.

Wannan tsohuwar talabijin tana da wani bututu a cikin doronta da ke harbo ƙwayoyin lantarki zuwa bayan gilashi. Abin da ke juya waɗannan ƙwayoyi hagu da dama, sama da ƙasa, har su zana hoto, shi ne ƙarfin maganaɗisu daga wasu wayoyi da aka naɗe a wuyan bututun. A bayan gilashin kuma akwai wani siririn faranti na ƙarfe mai ƙananan huji, wanda ke tabbatar da cewa harbin da aka nufa ga ja ya faɗa kan ja, na kore kan kore, na shuɗi kan shuɗi.

To idan aka kawo wani mayen ƙarfe daga waje, kamar na babbar sifika, sai ya karkatar da harbin. Nan take gefen hoton ya koma ruwan goro ko kore-kore, fuskar mai karanta labarai ta zama wata iri. Wani lokaci farantin da kansa yake kama maganaɗisun, tabon ya zauna ko an ɗauke sifikar. Ƙarar nan ta "gum" da irin wannan talabijin ke yi idan an kunna ta, wata waya ce da ke zagaye da gilashin take ƙoƙarin goge wannan maganaɗisu.

Har yanzu akwai masu doro a ƙauyuka da wasu shaguna, kuma a kansu tsohuwar dokar tana nan: a bar tazarar akalla rabin mita zuwa mita ɗaya. Idan tabon ya riga ya fito, a ɗauke sifikar, a kashe talabijin daga bango kamar rabin sa'a, a sake kunnawa. Sau da yawa bayan an maimaita hakan yakan tafi. Haka nan kaset-kaset na wa'azi da waƙoƙi da wasu dattawa ke adanawa, kada a jibge su a kan wufa, don maganaɗisu na iya lalata abin da aka naɗa a ciki.

Talabijin ta yau kuwa babu bututu babu harbi. Hasali ma sunan filasma aro ne kawai: manyan kamfanonin da ke ƙera filasma ta ainihi, Panasonic da Samsung da LG, duk sun daina kafin ƙarshen shekarar 2014. Abin da ake sayarwa a kasuwa yanzu kusan duka LCD ne mai fitilun LED a baya. Fitilun suna haskowa, a gabansu kuma akwai miliyoyin ƙananan ɗigo da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa kamar taga, kowanne da kalarsa. Babu abin da ke tafiya a iska da mayen ƙarfe zai karkatar.

Wanda bai gamsu ba ya duba ƙasan talabijin ɗinsa. Sifikun da take magana da su suna nan a ciki, kowace da mayen ƙarfenta, tazararsu da gilashin ba ta kai tsawon yatsa ba. Kamfanonin ma suna sayar da doguwar sifika da aka ƙera musamman don a ajiye ta a gindin talabijin.

Waɗannan ƙananan sifiku ne ma suka sa wufa ta zama dole. Jikin da bai kai kaurin littafi ba ba shi da wurin da iska za ta motsa ta ba da sauti mai nauyi. Shi ya sa kiɗan fim ɗin Kannywood ko ihun 'yan kallo a wasan Firimiya ke fita kamar daga cikin gwangwani, sai an haɗa da wufa.

Abin da ke faruwa a kan tebur

Aikin wufa shi ne tura iska da ƙarfi, sau 20 zuwa kamar 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. Duk lokacin da takardar sifikar ta tunkuɗo gaba, akwatin yana ja baya, kuma duk abin da akwatin ya taɓa sai ya karɓi rabonsa. Idan tebur ne, teburin ya zama ganga.

Tsohuwar mai doro mai inci 29 takan kai kilo 40, ba ta motsi. Ta yau mai inci 43 ba ta cika kai kilo 10 ba, kuma a kan siraran ƙafafu biyu take tsaye. A kan teburin gilashi ko katako mai santsi, girgiza na iya matsar da ita kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya lura ba, har ƙafa ɗaya ta isa baki. A ɗakin da yaro ke rarrafe yana kama tebur ya miƙe, hatsarin ya wuce na dukiya.

Rataye ta a bango ya fi, amma shi ma da sharaɗi. Gidaje da yawa a wannan yanki ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, wasu kuma bulo ne mai rami da ba a cika masa siminti sosai ba. Mai ɗaurawa yakan fasa rami, ya cusa ɗan katako, ya ɗaure ƙarfen ratayar. Idan aka jingina wufa da wannan bangon tana bugu kullum, ramin na iya ci gaba da sakewa. Garin ƙasa ko na siminti da ke zubowa ƙarƙashin talabijin alama ce da bai kamata a share ta kawai a wuce ba.

Akwai kuma na cikin ciki. Gilashin talabijin yana haɗe da allunan lantarkinta ta wasu siraran wayoyi masu faɗi kamar ganyen leda, wasu an soka su ne a makama, wasu an manne su da gilashin tun daga masana'anta. Bugu ɗaya ba zai cire su ba, kuma ba kowane layi da ya fito a hoto ne laifin wufa ba. Sai dai inda haɗin ya riga ya yi rauni, musamman a talabijin ta hannu da ta sha hanya kafin ta iso, girgizar yau da gobe ba ta taimaka masa.

Nan ne lissafin kuɗi yake. Mai gyara a Talata Mafara zai iya sauya allon wuta, zai iya sauya fitilun baya idan sauti na fita hoto ya mutu. Gilashin da ya fashe kuwa ba ya gyaruwa, sai dai a sauya, kuma kuɗinsa yakan kusa kai na sabuwar talabijin. Ko an yarda za a biya, sai an aika Gusau ko Sakkwato ko Kano, wani lokaci har kasuwar Alaba a Legas, kafin a samu daidai da samfurin. A yanayin da hanyoyin Zamfara suke ciki, ba kowa ke son yin tafiya don gilashin talabijin ba. Ga mai gidan kallo, mako biyu babu talabijin yana nufin 'yan kallonsa sun koma wajen maƙwabci.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗora kofin ruwa a inda talabijin take, a kunna kiɗa kamar yadda aka saba ji. Idan ruwan yana rawa, ita ma tana rawa.

Masu tura fina-finai suna da nasu ƙarin abin lura. Babbar ma'ajiyar kwamfuta mai faifan da ke juyawa a ciki, wadda suke tara dubban fina-finai a kanta, ba ta son girgiza ko kaɗan. Filash da memori ba ruwansu, amma waccan idan tana tebur ɗaya da wufa tana aiki, jarin mutum na iya tafiya a yini ɗaya.

Bazara, hunturu da janareta

A watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje zafi. Yawancin littattafan da ke zuwa da talabijin suna nuna iyakar zafin da za ta yi aiki a ciki tsakanin digiri 35 da 40. Ma'ana tun kafin a ƙara mata komai ta riga ta kai bakin iyakarta.

Wufa mai amfilifaya a jikinta tana fitar da nata zafin ta farantin ƙarfen bayanta, zafi kuma sama yake tashi. Talabijin tana shaƙar iska ta ƙasa ta fitar ta sama. Idan aka cusa wufa da dikoda da sitabilaiza a ƙarƙashinta cikin kabet ɗaya, iskar da suka dafa ita take shaƙa. Fitilun baya da allon wuta su ne suka fi saurin gajiya da zafi. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa ta toshe ramukan iskar, a kuma lulluɓe talabijin da kyalle mai ado tana kunne. Kyallen yana da amfani, amma bayan an kashe. Tazarar kamar santimita 10 ta kowane gefe ita ce wasu kamfanoni ke shawarta.

Batun wuta shi ne wanda aka fi ɗora wa wufa laifinsa bisa kuskure. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma duk da madatsar Bakolori tana nan kusa tun 1978, gidajen kallo da shaguna sun fi dogara da ƙaramin janareta ko sola. Wufa ba ta jan wuta daidai-wa-daida. Duk bugun bas sai ta fizga. A ƙaramin injin da aka riga aka cika wa kaya, za a ga ƙwan fitila yana lumshewa tare da kiɗa. Talabijin da yawa an rubuta a bayansu cewa suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, don haka suna jure raguwar wuta. Abin da ba su jurewa shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da mai ya kusa ƙarewa injin yana shure-shure, ko lokacin da aka dawo da wutar NEPA da ƙarfi.

Idan allon wuta ya ƙone a irin wannan hali, sai a ce ai dama an faɗa, wufar ce. Alhali soket ɗin roba mai arha da aka jona masa komai, har da dutsen guga, shi ya kamata a tuhuma. Sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta, da cire filogi kafin a kashe injin, sun fi nisanta wufa amfani. Da damina kuma wayar dish hanya ce ta tsawa. Cire ta idan hadari ya taso.

Gurnanin nan na "huuum" da wufa ke yi ko babu kiɗa shi ma ba kusancin talabijin ke kawo shi ba. Yawanci daga wayar sauti marar kyau ne da aka nannaɗe tare da wayar wuta, ko daga inbata mai arha da wutarta ba ta fita sumul.

To ina za a ajiye ta?

A ƙasa. Kuma abin daɗin shi ne sauti ba ya asarar komai. Kunnen mutum yana gane inda murya ko ƙarar kuge ta fito, amma sauti mai zurfi sosai, ƙasa da bugu 80 a daƙiƙa, da wuya ya gane tushensa. Tsawon igiyar irin wannan sauti ya haura mita 4, wato ya kai faɗin ɗakin gaba ɗaya. Saboda haka wufa ba ta buƙatar zama a tsakiya kamar hoto. Ƙananan sifikun su ne za su tsaya dama da hagun talabijin, daidai kunnen mai zaune.

A sa mata darduma ko wani yankin roba mai kauri a ƙarƙashi, kada jikinta ya taɓa tebur ko ƙafarsa, a bar tafin hannu ɗaya ko biyu tsakaninta da bango, kada kuma a toshe ramin iskarta da kujera. Lungun ɗaki yana ƙara ƙarfin bas, wanda zai yi wa rumfar gidan kallo daɗi, amma a ƙaramin ɗaki sai ya koma ruri da ke danne maganar 'yan fim, ya sa kwanukan kabet da langa-langar rufi su shiga amshi. Maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku ma shi ne ya fi jin sa, don bas ya fi kowane sauti ratsa gini.

Masu harkar sauti suna da wata dabara ta neman wuri. A ɗora wufar a kujerar da aka saba zama, a kunna waƙa mai bas, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare. Inda ya ji bas ɗin ya fita tas babu ruri, nan ne mazauninta. Idan wurin ya faɗo daf da teburin talabijin, ba komai, muddin ba su taɓa juna ba kuma ruwan kofin ya tsaya cak.