Eriya Ita Ce Kunnen Rediyo

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. A lokacin, mutanen Shema da ƙauyukan kewaye sun koma ga akwatin rediyo don jin labarin duniya. Amma rediyo ba ya kama tasha da kyau sai da eriyar da ta dace. Ita ce kunnensa.

Yanzu akwai wani sabon samfuri da ake kira SDR, wato rediyon kwamfuta. 'Yar na'ura ce kamar babban yatsa, ana soka ta a jikin kwamfuta ko babbar wayar hannu. Ta fara yaɗuwa a duniya a 2012. Ba ta da eriya a cikinta, sai wadda aka ɗaura mata. Ƙa'idar zaɓen eriya kuwa ɗaya ce, ko ga wannan na'ura ko ga akwatin da muka saba da shi.

Ga ƙa'idar. Kun saba jin mai sanarwa yana cewa a kama su a kan mita 31 ko mita 25. Wannan mita ita ce tsawon igiyar da ke ɗauko muryar a cikin iska. Doguwar igiya tana son doguwar eriya, gajeriya kuma gajeriya. Lissafin ba wuya. A raba 300 da lambar megahaz ta tashar, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar.

Mu ɗauki FM, wadda ke tsakanin 88 da 108. Idan aka raba 300 da 100, an sami mita 3. Rubu'insa santimita 75 ke nan. To, a yanki wayar jan ƙarfe guda biyu masu wannan tsawo. A ɗaure su a jikin gora a miƙe, ɗaya ta dubi sama ɗaya ta dubi ƙasa, kada su taɓa juna. A haɗa su da rediyo da irin wayar eriyar talabijin. Igiyar FM miƙe take tafiya, dutse yana tare ta. Ƙasarmu kuwa akwai duwatsu, Katsina kuma da nisa. Saboda haka ɗaga gorar sama ya fi ƙara wa eriyar tsawo amfani.

Sai gajeren zango, inda aka daɗe ana kama tashoshin ƙetare irin su BBC, wadda ta fara Hausa a 1957. Nan doguwar waya ake bukata, kamar mita 10 zuwa 20. A ja ta daga kan soro zuwa bishiya, a ɗaure bakin da igiyar leda, kada ƙarfen ya taɓa reshe. In tashoshi suka riƙa hawa kan juna, wayar ta yi wa rediyon yawa, sai a rage. Da rana mita 19 da 16 sun fi fita, da dare kuma 49 da 41. Mai sayen SDR ya tambaya tukuna, domin ba kowace ce ke kama gajeren zango ba.

Matsakaicin zango kuwa, eriyarsa tana cikin akwatin rediyo. Juya akwatin kawai za a yi har murya ta fito.

Wani lokaci shuu ɗin da ake ji ba laifin eriya ba ne. Cajar waya da inbatar sola da janareto duk suna kawo ƙara. A nisanta eriya da su.

Daga ƙarshe, ga gargaɗi biyu. Kada a ja eriya kusa da wayar lantarki, ko ta sama ko ta ƙasanta. Da damina kuma, da zarar hadari ya taso, a cire ta daga jikin rediyo, a fitar da bakinta waje saboda aradu. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.