Huhun da mahauci ke jefa wa kare

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yanka ranar kasuwar Tunfafi, ko ta Ibohaman, ko ta Tamaske, ya san yadda abin yake. Mahauci ya feɗe tunkiya ko raƙumi, ya ciro huhu da hanta, sai ya tarar da wasu ƙullutai cike da ruwa garai-garai, wani kamar ƙwan zabo, wani ya fi lemu. Ya san ba mai saye. Sai ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya wurga bayansa, inda karnukan gari ke zaune suna jira tun da hantsi. A ganinsa ya raba jama'a da mugun nama, har ya yi wa dabba sadaka. Alhali kuwa, jama'a masu karatu, a daidai wannan lokaci ne cutar ta samu hanyar komowa cikin garke, da cikin gida.

A Turai, in ana zancen tsutsar huhu ta kare, ana nufin wata siririyar tsutsa da aka fara ganowa a birnin Tuluz na ƙasar Faransa tun ƙarni na 19. Kare yana ɗaukar ta ne in ya haɗiye dodon koɗi ko danginsa, ta zauna cikin jijiyoyin jinin huhunsa, ta sa shi tari da haki, wani lokaci ta kashe shi. Cuta ce ta ƙasashe masu danshi. A nan Adar, ƙasar duwatsu da rani mai tsawo, huhun da ya kamata ya dame mu shi ne na tunkiya da raƙumi, wanda kare ke ci.

Ga yadda abin ke tafiya. Kowane ƙullutu yana ɗauke da dubban kawunan wata ƴar mitsitsiyar tsila, wadda likitoci ke kira ekinokokus. In kare ya ci, cikin mako shida ko bakwai sun girma a hanjinsa. Tsawon babbar bai wuce milimita 6 ba, ko ƙwayar shinkafa ba ta cika kaiwa ba, don haka mai kare ba ya ganin komai. Karen ma ba ya rama, ba ya fasa haushi. Amma kashinsa cike yake da ƙwai waɗanda ido ba ya gani. Suna manne wa ciyawa, da gashin karen, da bakin rijiya. Tunkiya ta yi kiwo ta haɗiye, ƙullutu ya fito a huhunta ko hantarta, shekara ta kewayo a yanka ta, a sake jefa wa kare.

Ɗan Adam kan faɗa cikin wannan kewaye ba da saninsa ba. Cin naman ba shi ke kawo masa cutar ba. Ƙwan da ya fito daga kare ne ke shiga bakinsa, ta hannun da ya shafa kare bai wanke ba, ko ta ruwa, ko ta ɗanyen ganye. Ƙullutun yakan yi shekaru yana girma cikin hanta ko huhu shiru, kafin mutum ya fara jin nauyi a gefen ciki, ko tarin da ba ya jin magani. Sau da yawa sai an kai ga fiɗa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 1 ne ke ɗauke da wannan cuta, kuma makiyayan Turkana na ƙasar Kenya suna cikin waɗanda ta fi addaba. Kusa da mu, binciken da aka yi a mahautar Kano da ta Sakkwato ya nuna raƙuma sun fi sauran bisashe yawan ƙullutan nan, kuma kowa ya san daga inda yawancin raƙuman suke zuwa.

Zafin rana da bushewa suna kashe ƙwan da wuri, wannan rahama ce gare mu. Sai dai inda akwai laima yana daɗewa. To ina laimar take a gundumomin Madawa, Buza da Keita? Tana kwarin Tarka da na Magiya, inda garake ke ba da albasa, salati da kabeji. Tana kewayen madatsun ruwan da aikin raya karkara na Keita ya gina, wanda aka soma a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar abinci ta duniya. Wato wuraren da arzikinmu yake, nan ne kare mai gadin garka, da tumaki masu zuwa shan ruwa, da yara masu ban-ruwa suke haɗuwa kullum.

Akwai wata tsilar kuma da ƴan tireda da makiyaya suka san aikinta ko da ba su san sunanta ba. Ita ƙullutunta a ƙwaƙwalwa yake fitowa. Rago ya riƙa karkata kai, yana kewaya wuri ɗaya, ya bar cin abinci. Mai shi ya gaggauta yankawa kada ya yi mushe, kan kuma a bar wa kare. Wanda ya turke rago wata shida yana ba shi dusa da harawa don kasuwar layya, ya san yawan jikkunan da suka salwanta. Ranar layyar kanta ita ce ranar da aka fi yanka ba tare da malamin dabbobi ya duba ba, kowa a ƙofar gidansa, karnuka kuma suna zagaye.

Mutanenmu ba su cika son a yi zancen kare cikin taro ba, balle a ce a kashe masa kuɗi. Wani ma dariya zai yi. Amma malamai sun yarda da ajiye kare don kiwo, da farauta, da tsaron gona, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙinta yana wuyansa. Arewa da mu, siririn karen nan na Buzaye ya kai har Turai da Amurka, inda ake kiransa da sunan kwarin Azawak. Mu da muke maƙwabtansa, sai jifa da dutse.

Ƙasar Cadi ta isa misali. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu, bayan wahala mai yawa a ƙauyuka. A Cadi kuwa, tun 2012 aka fara ganin kurkunu yana fita a ƙafafun karnuka, galibi a garuruwan masunta na bakin kogin Shari, inda ake zubar musu da ɗanyen hanjin kifi. A 2019 karnukan da suka kamu sun kusa 2,000. Dole aka koma ɗaure karnuka da binne kayan cikin kifi. Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, kuma mu ma muna da tabkunan da ake su.

Magani yana nan, ba shi da wuya. Ƙwayar da ake kira farazikantel tana kashe tsila a cikin kare. Ana ba da miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce a yi haka aƙalla sau 4 a shekara. Bayan an ba shi, a ɗaure shi kwana biyu ko uku, a binne kashinsa da zurfi, don maganin yana kashe tsutsa amma ba ya kashe ƙwai. A lura kuma: allurar ibarmektin da ake yi wa tumaki ba ta taɓa tsila. Ƴan kwikwiyo kuwa da tsutsar ciki ake haihuwar yawancinsu, ita ce ke kumbura musu ciki, kuma tana iya shiga yaro mai wasa da ƙasa. Nasu maganin dabam ne, ana soma shi tun suna da mako biyu. Kaska da ƙuma ma suna da nasu. Kada a wanke kare da maganin feshin albasa, guba ne gare shi da ga mai wankin. A tafi ofishin kiwo na gunduma ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa, a guji ƙwayoyin da suka sha rana a kan tebur, a kuma nemi allurar haukan kare tun da an je.

Sauran aikin na sarakunan fawa ne da magadan gari, masu karɓar kuɗin kasuwa kowane mako. Wurin yanka yana bukatar katanga da ƙofa, da rami mai zurfi mai murfi inda za a zuba abin da malamin dabbobi ya hana, ko a ƙone shi. Ƙasar Niyu Zilan, mai miliyoyin tumaki, da irin wannan ta soma, wato hana kare ɗanyen kayan ciki da ba shi magani a kan kari, har ta bayyana rabuwa da cutar a 2002. Mai yanka a gida kuwa, in ya ga ƙullutu, ya haƙa rami ya binne, ya ɗora dutse. In yana son ya ba karensa huhu, ya tafasa shi sosai tukuna.