Harhaɗa kenel ɗin Linux don tsofaffin sabobi

Harhaɗa kenel shi ne aikin mayar da rubutun asali na kenel zuwa fayil ɗin da kwamfuta za ta iya tashi da shi, bayan an zaɓi sassan da za su shiga ciki da waɗanda za a bari. Kenel shi ne ƙwayar babbar manhajar kwamfuta. Shi ke raba lokacin firosesa tsakanin manhajoji, shi ke kula da ma'adanar RAM, kuma ta hannunsa manhajoji ke isa ga faifan ajiya da katin sadarwa. Galibin masu amfani da Linux suna aiki ne da kenel ɗin da ya zo musu a shirye cikin Debian ko Ubuntu ko Red Hat. Masu kula da tsohuwar saba, wadda wasu ke kira uwar garke, su ne sukan buƙaci harhaɗa nasu, musamman idan kenel ɗin da ya zo a shirye ya daina gane kayan da ke cikin injin.

Tarihi

Linus Torvalds ya fara rubuta kenel ɗin Linux a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, kuma ya rubuta shi ne don firosesar Intel 80386. A 1992 aka sanya shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin karanta rubutun, ya gyara, ya kuma rarraba. A shekarun farko, harhaɗa kenel abu ne da kusan duk mai Linux ke yi, domin ta nan ne ake shigar da direban kowace na'ura. Direba ƙaramar manhaja ce da ke koya wa kenel yadda zai yi magana da wata na'ura takamaimai. Daga baya aka samar da tsarin mojul, wato direban da ke zaune a fayil dabam, wanda ake loda shi idan an buƙace shi. Wannan ya ba masu shirya nau'o'in Linux damar fitar da kenel guda mai aiki a kan dubban injuna.

Dalilan yin sa

Babban dalili shi ne janye tallafi, kuma ana janye shi a matakai biyu. Wani lokaci masu shirya nau'in Linux ne ke cire direba daga nasu kenel ɗin alhali yana nan a rubutun asali. Red Hat Enterprise Linux 8, wanda ya fito a 2019, ya daina gane wasu tsofaffin katunan faifai na kamfanin LSI da ke cikin sabobi da yawa. Debian 13, wanda ya fito a 2025, bai zo da kenel na injunan x86 masu bit 32 ba. A irin wannan hali, harhaɗa kenel ko direban kaɗai na iya magance matsalar.

Wani lokaci kuma masu kula da kenel ɗin kansu ne ke cire abin daga tushe. An cire tallafin 80386 a siga ta 3.8 a 2013, an cire tsofaffin direbobin IDE a siga ta 5.14 a 2021, sannan an cire tallafin firosesar Itanium a siga ta 6.7 a 2024. Mai irin wannan injin sai ya koma ga direban da ya gaji tsohon, idan akwai, ko ya tsaya a kan sigar da ta gabaci cirewar.

Akwai kuma batun ƙarancin RAM da wurin ajiya. Kenel ɗin da aka tace ya fi ƙanƙanta, ya kan fi saurin tashi, sai dai bambancin saurin aiki na yau da kullum yawanci kaɗan ne.

Matakan aikin

Matakin farko shi ne sanin kayan injin. Umarnin lspci -k yana lissafa katunan da ke ciki tare da direban da kowanne ke amfani da shi, lsmod yana nuna mojul ɗin da aka loda, fayil ɗin /proc/cpuinfo kuma yana bayyana irin firosesar.

Daga nan sai a sauko da rubutun asali daga shafin kernel.org, a tanadi kayan aiki irin su GCC da make da flex da bison. Sabuwar siga na fitowa kusan duk mako tara zuwa goma, amma ga saba an fi son sigogi masu dogon tallafi, waɗanda ake wa laƙabi da LTS, kamar 6.1 da ta fito a Disambar 2022.

Zaɓe-zaɓen suna zaune ne a fayil mai suna .config. Yawanci ana kwafo na kenel ɗin da ke aiki daga cikin /boot, a sabunta shi da make olddefconfig, sannan a gyara da make menuconfig. Kowane direba yana da ɗayan matsayi uku: harafin y na nufin a gina shi cikin jikin kenel, m na nufin a yi shi mojul, n na nufin a bar shi. Umarnin make localmodconfig yana kashe duk mojul ɗin da ba a loda ba a lokacin, abin da ke rage aikin sosai. Illarsa ita ce na'urar da ba a jona ba a wannan lokacin, misali faifan USB, za ta iya rasa direbanta.

Umarnin make ne ke yin harhaɗawar. A tsohon inji aikin na iya cin sa'o'i, shi ya sa da yawa ke yin sa a kan wata kwamfuta mai sauri, su ƙunshe sakamakon da make bindeb-pkg ko make binrpm-pkg, sannan su kai shi kan sabar. Idan a kan injin ake yi, make modules_install da make install ne ke ajiye fayilolin a mazauninsu. A ƙarshe ana ƙirƙirar initramfs, wato ƙaramin kunshin direbobin da kenel ke buƙata kafin ya kai ga faifai, a kuma sabunta jerin GRUB, manhajar da ke zaɓar kenel ɗin da za a tashi da shi.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Kuskure mafi muni shi ne rasa direban faifai. Idan direban katin RAID ko na tsarin fayil, kamar ext4 ko XFS, ba ya cikin jikin kenel kuma ba ya cikin initramfs, kenel zai tashi ya kasa ganin faifan da sauran manhajar take, sai ya tsaya cik. Tsofaffin sabobin HP ProLiant misali ne sananne. Katunansu na Smart Array sun daɗe suna aiki da direban cciss, wanda aka cire a siga ta 4.14 a 2017, hpsa ya maye gurbinsa. Da wannan sauyi sunan faifai ya tashi daga /dev/cciss/c0d0 ya koma /dev/sda, don haka injin da aka rubuta tsohon sunan a fayil ɗinsa na /etc/fstab ba zai tashi daidai ba. Ana kauce wa wannan ta hanyar kiran faifai da lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa.

Katin sadarwa ma na da nasa tarko. Katunan Broadcom NetXtreme II, waɗanda ke cikin sabobi irin su Dell PowerEdge 2950, suna aiki da direban bnx2, shi kuma yana buƙatar wasu fayiloli na daban da ake lodawa cikin katin. Idan babu su, injin zai tashi amma ba za a iya isa gare shi ta intanet ba. Ga sabar da ke wani gari, wannan daidai yake da mutuwarta har sai wani ya je wurin. Saboda haka masu kula da sabobi ba sa goge tsohon kenel sai sabon ya tabbata, kuma sukan umarci GRUB ya gwada sabon sau ɗaya tak, ta yadda sake kunna injin zai mayar da shi kan tsohon. Na'urorin kula daga nesa, kamar iLO na HP da DRAC na Dell, suna ba da damar ganin allon sabar da sake kunna ta ko da kenel ya tsaya.

Iyaka da batun tsaro

Sabon kenel ba ya warware komai. Red Hat Enterprise Linux 9, na 2022, an gina dukkan manhajojinsa ne don firosesa mai matakin x86-64-v2, don haka injin da bai kai wannan matakin ba ba zai ɗauke shi ba ko da an canza kenel. Haka kuma matakan kariya daga raunin Spectre da Meltdown, waɗanda aka bayyana a Janairun 2018, suna rage saurin tsofaffin firosesa. Ana iya kashe su da zaɓin mitigations=off, amma yin hakan na buɗe ƙofa ga masu kutse, musamman a injin da mutane da yawa ke amfani da shi.

Nauyin sabuntawa ma yana komawa kan wanda ya harhaɗa. Kenel ɗin da ya zo a shirye yana samun gyaran tsaro daga masu shirya shi, amma wanda aka harhaɗa da hannu sai an sake harhaɗa shi duk lokacin da gyara ya fito. Shirin Civil Infrastructure Platform, da ke ƙarƙashin Gidauniyar Linux, yana kula da wasu sigogi irin su 4.4 da 4.19 da 5.10 da 6.1 na tsawon aƙalla shekara goma, domin na'urorin masana'antu da ke daɗewa a bakin aiki.