Kaskon Gawayi A Ɗaki: Gubar Da Ba A Gani

Da zarar hunturu ya kankama, a gidaje da yawa akan shigar da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a kwanta. Wasu kuma janareto suke kunnawa a zaure. Wani lokaci sai a wayi gari da mutane a sume, har ma a rasa rai, alhali ba gobara aka yi ba.

Abin da ke jawo haka wata iska ce mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fita ne idan gawayi ko fetur ya ci wuta a inda iska ba ta wadata ba.

A cikin jininmu akwai sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Riƙon da yake yi mata ba na dindindin ba ne: yana kamawa yana saki, har kamawar da sakin su daidaita. A shekarar 1884 wani masani ɗan Faransa, Henri Le Chatelier, ya bayyana cewa idan aka ƙara yawan ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin irin wannan daidaito, to sai ya karkata ta yadda zai rage abin da aka ƙara.

Kabon monoksaid gurbin oksijin take nema a jini, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Saboda haka tana taruwa a rufaffen ɗaki tana korar oksijin daga jini. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya ma farga.

Wannan ƙa'ida dai ita ce magani. Iskar waje kashi 21 cikin 100 ne oksijin ɗinta, kuma da ita sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita. A asibiti kuwa, idan aka ba mutum zallar oksijin, yawanta sai ya rinjayi gubar, rabin ya fita cikin kimanin minti 80.

Don haka jama'a, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, janareto kuma a ajiye shi a fili nesa da taga. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a fito da su waje nan take, a garzaya asibiti, ko da sun ce sun ji sauƙi.