Ƙirar Goge Tsakanin Sauyi da Riƙon Asali a Karkarar Arewacin Kano

Masu sha'awar jita mai ƙasaitacciyar murya da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, wato Precision Bass, sun daɗe suna jayayya kan ko ya dace a taɓa ƙirarta. Irin wannan tambaya tana gaban maƙerin goge a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, sai dai a nan larura ce ta kawo ta.

Gogen da aka gada ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka ɗaura mata tsarkiyar izgar doki. A wannan yanki, wanda M. J. Mortimore ya yi nazarin cunkoson gonakinsa, kusan kowane taku na ƙasa noma shi ake yi. Dajin da guza ke fakewa ya ƙaranta, doki kuma ya koma dabbar sarauta da hawan salla. Maƙeri kan samu kansa tsakanin jiran kayan asali masu tsada da karɓar abin da kasuwa ta bayar, kamar fatar akuya da zaren roba.

Masu cewa a bar goge yadda aka gaje shi suna da hujja mai ƙarfi. Fatar guza siririya ce, kuma tarin silin izga shi ke ba goge sautin nan mai ɗan kaushi da ke kusantar muryar mutum. Makaɗin da ke bin hawa da saukar karin harshen Hausa, ko kiran wani iska a fagen bori, da wannan sautin yake magana. Idan ya sauya, masu sauraro na iya daina gane abin da gogen ke faɗa.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa ƙirar kayan kiɗan Hausa ba ta taɓa motsawa ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi ake yin irinsa maimakon ƙwarya, amma shi ne yau ake nunawa a matsayin gargajiya. Haka makaɗan kora na Senegal da Gambiya suka bar tsarkiyar fata suka rungumi zaren kamun kifi.

Saboda haka abin da ya kamata a bambance shi ne wane sashe ke ɗauke da murya, wane kuma ke riƙe da jiki kawai. Sauya ƙusoshin da ke kama fata, ko maƙala na'urar ƙara sauti don taron biki, bai raba goge da muryarsa ba. Izga kuwa lamarinta daban: zaren roba ɗaya yana jure damina, amma sumul yake fita, kuma makaɗin da ya koyi kiɗa a kansa da wuya kunnensa ya nemi kaushin da ya ɓace.