Yunwar Da Ke Cin Masu Wankin Ƙoda

Da zarar an ce wani ya kamu da ciwon ƙoda, abu na farko da ke ɓacewa daga kwanonsa shi ne nama. Sai ƙwai ya bi, sai wake, sai kifi. Kowane ɗan dubiya ya zo da tasa dokar, har a wayi gari bawan Allah ba shi da abinci sai koko da gayan shinkafa. 'Yan uwa don ƙauna suke yi, amma ga wanda ya riga ya fara wankin ƙoda, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Ruɗanin yana da asali. Kafin a kai ga wanki, likita kan ce a rage nama da danginsa, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da dattin da furotin ke bari a cikin jini. Ranar da aka ɗora mutum a kan inji kuwa, lissafi ya juya. Injin ba datti kaɗai yake ɗebewa ba, duk zaman awa huɗu yakan tafi da giram 6 zuwa 12 na sinadaran gina jiki. Shi ya sa ƙa'idar KDOQI ta 2020, wadda likitocin ƙoda ke aiki da ita a ƙasashe da dama, ta ce mai wanki yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 72 ke nan, ƙwai guda kuwa giram 6 ne kacal a cikinsa. To ina koko zai kai shi?

Abin takaicin, ramar da ƙarancin furotin ke jawowa ɓoyewa take yi. Ruwan da ya taru a jiki yana cike gurbin tsokar da ta zube, sikeli ya nuna nauyi yana nan, ƙafa ta kumbura, a ce ai ya yi ƙiba. A dubi gefen goshinsa da ya lotsa, da ƙashin wuyan da ya fito, da yadda sai ya dafa bango kafin ya tashi daga tabarma. Irin wannan jiki ba ya jure zazzaɓi, ciwo ba ya warke masa da wuri, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa majinyacin da sinadarin albumin ya yi ƙasa a jininsa ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Talauci na da nasa kason. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a hakan, wanki uku a mako ya kai naira 144,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Ga kuɗin mota ga mutanen Gashuwa, Nguru da Haɗeja, yankin da wannan ciwo ya yi wa katutu. Kuɗin cefane ake yankewa a biya inji, da yawa kuma sai sau ɗaya a mako suke samu. Wanda wankinsa bai isa ba, dattin jini kan sa masa tashin zuciya, bakinsa ya yi ɗaci, ko ƙanshin nama ba ya so. Irinsa likitansa ne zai auna masa abin da zai ci, don lissafinsa daban yake da na mai zuwa sau uku.

Abin da ya kamata a ji tsoro sosai shi ne gishiri, ba tsokar kaza ba. Duk gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule, yajin tsire, taliyar leda da kanwar da ake jefawa a miya duk suna cikin lissafin. Gishiri ke kawo ƙishirwa, ruwan ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Ruwan sha ana auna shi ne da yawan fitsarin da mutum ke yi, a ƙara kamar rabin lita, kuma kunu, fura, miya da kankana duk ruwa ne. A zafin Afrilu tsotsar ƙanƙara ta fi kwankwaɗar moɗa. Gishirin kanti da ake tallatawa masu hawan jini kuwa a guje shi, fotasiyam ne a ciki, wanda in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Ayaba, lemu, tumatirin gwangwani da dabino suna da shi da yawa, sai a kula lokacin buɗa-baki. Dankali da doya ba sai an haramta su ba: a fere, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

Baƙin lemon kwalba yana ɗauke da fosfaras, mai jawo ƙaiƙayi da raunin ƙashi. Maganin da ake bayarwa dominsa tare da loma ake haɗiye shi, in an sha bayan awa biyu an yi asarar kuɗi.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana da mafita. Farin ƙwai furotin ne mai kyau, fosfaras ɗinsa kaɗan. Akwai ɗanyen kifi, akwai awara in ba a cika mata gishiri ba, ga kabeji da albasa, ga ɗan man gyaɗa a kan shinkafa ko tuwo don ƙarin kuzari. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi shiga a kan malmala guda.

Wadda ke riƙe da tukunyar gidan ita ya kamata ta raka majinyaci asibiti, ta faɗa wa likita ko jami'in abinci abin da ake dafawa, a dubi sakamakon gwajin jininsa a ce mata ga na ragewa, ga na ƙarawa. Kai kuma mai zuwa dubiya, bar ledar ayaba da lemon kwalba a kasuwa, ka kai masa kiret ɗin ƙwai.