Wake ɗaya shi ke ɓata gari: yadda masana lissafi ke tsare binciken lafiya daga awon da ya fita dabam

A cibiyoyin jinyar yara masu tamowa da ake kira CRENI, kowace safiya ana ɗora yaro bisa sikeli. In aka jera awon kwanakin, sai ya zama layi mai hawa da sauka. Masana ƙididdiga na ɗaukar layin dukansa a matsayin bayani guda, hanyar da littafin Ramsay da Silverman na 1997 ya yaɗa. Abin da suke nema shi ne: wane irin layi ke nuna yaro na cikin haɗari, kuma yaushe?

Amsar na fitowa daga nazarin tsawon rayuwa. Wahalarsa ita ce ba kowane yaro ake bi har ƙarshe ba, wata uwar kan koma gida kafin a sallame ta. A 1958 Kaplan da Meier, a Amurka, suka fito da dabarar amfani da kwanakin da aka ga irin wannan yaro. A 1972 David Cox, ɗan Ingila, ya ƙara hanyar auna tasirin abubuwa kamar shekaru da nauyi.

Sai dai lissafin Cox na jin jiki idan awo ya kauce sosai. Mu ɗauki yara biyar masu kilo 6, 7, 7, 8 da 6,5. In aka manta waƙafi aka rubuta 65, matsakaicin nauyinsu zai haura kilo 18, amma awon da ke tsakiyar jeri yana nan a 7. Kan wannan tunani aka gina dabaru masu juriya, tun daga aikin Peter Huber na 1964. Ga layuka kuwa, López-Pintado da Romo sun nuna a 2009 yadda ake auna ko layi na tsakiyar ƴan uwansa ko yana gefe. Na gefen sai a rage masa ƙarfi cikin lissafi.

Ba a jefar da shi, domin ba kullum ne kuskure ba. Yaro mai kumburi nauyinsa kan ragu a kwanakin farko, alhali sauƙi yake samu. Kwamfuta za ta nuna layin da ya fita dabam, amma ma'aikacin lafiya ne zai koma ga takardar yaron ya gano dalili.